Gaɓar Kainji da Horon Zuciya: Abin da Za a Iya Koya daga Mabiya Buda

Duk shekara idan ruwan tafkin Kainji ya ja da baya, yakan bar ƙasa mai danshi a gaɓa, daga Wara zuwa Yelwa har sama wajen Shanga. Kowa yana da ido a kan wannan ƙasa. Manomi yana son dasa albasa, makiyayi yana hangen ɗanyar ciyawa da mashaya, masunci kuma ba ya son a tattake masa inda yake shanya koma. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tashi mutane sama da 40,000 daga gungunansu da ƙauyukan gaɓa, iyakokin da kakanni suka sani suka nutse. Gungawa, Kambari, Shangawa, Dukkawa, Fulani, Sarkawa da Hausawa sun daɗe suna zaune tare a masarautar Yawuri, kuma yawancin saɓaninsu a zauren mai unguwa yake mutuwa. Amma wanda ya kai ga jini, idan ka bi sawunsa, sau da yawa za ka tarar ya faro ne daga 'yan mintocin da zuciya ta ɗebi wani.

A kan waɗannan 'yan mintoci mabiya addinin Buda suka gina tarbiyyarsu. Littattafansu sun ruwaito cewa a zamanin Buda, shekaru wajen 2,500 da suka wuce, dangi biyu, Sakiya da Koliya, sun ɗauki makamai saboda ruwan kogin Rohini da suke ban-ruwa da shi a lokacin fari. Buda ya shiga tsakani, ya sa suka auna darajar ruwan da darajar rayukan da za a rasa, suka ajiye makamai. Horon da ya bari ba shi da wuyar faɗa, aikatawar ce wuya: mutum ya zauna shiru, ya tattara hankalinsa kan shigar numfashi da fitarsa, idan fushi ya taso ya lura da shi ba tare da ya bi shi ba, sannan ya riƙa yi wa mutane fatan alheri a zuci, daga na kusa har ya kai ga abokin gaba.

An gwada wannan a wuraren da suka fi namu ganin bala'i. A Kambodiya, mulkin Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979 ya ci rayuka kusan miliyan 2. Wani malamin Buda, Maha Ghosananda, wanda aka kashe danginsa a wannan lokaci, ya fara tattakin zaman lafiya a 1992, yana jagorantar jama'a a ƙasa ta yankunan da aka binne nakiyoyi. Kafin a tashi, ana horar da masu tattakin yadda za su kame kansu idan an tsokane su. A tattakin 1994 an kashe biyu daga cikinsu, ba su fasa ba.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Siri Lanka. A 1958 wani malamin makaranta, A. T. Ariyaratne, ya kwashi ɗalibansa daga Kolambo zuwa wani ƙauyen talakawa da ake ƙyama, suka haƙa rijiyoyi da masai tare da mutanen garin. Daga nan ƙungiyar Sarvodaya ta tsiro, ta bazu cikin dubban ƙauyuka. Aikin gayya ne tsantsa, sai dai kafin a ɗauki fartanya, da kuma bayan an tashi, kowa yakan zauna wuri ɗaya, a yi 'yan mintoci na shiru, a ci abinci tare, a tattauna damuwar gari. Mabiyin Buda, Bahindu, Musulmi da Kirista duk suna zama, kowa da addu'arsa. A ganina a nan sirrin yake: natsuwar ba ta tsaya a ɗaki ba, an ɗaure ta da rijiyar da kowa zai sha.

Kada kuma a yi zaton abin maganin kowace cuta ne. A 2002 Sarvodaya ta tara dubban ɗaruruwan mutane a Anuradhapura don zaman natsuwa na neman sulhu, amma yaƙin basasar ƙasar bai ƙare ba sai 2009, kuma da bakin bindiga ya ƙare. A Myanmar, ƙasar da gidajen ibadar Buda suka cika, sojoji sun kori Musulmin Rohingya sama da 700,000 a 2017, bayan shekarun da wasu malaman Buda irin su Wirathu suka yi suna hura wutar ƙiyayya. Binciken likitoci ya nuna zaman natsuwa yana rage damuwa da fargaba daidai gwargwado, amma wani nazari na 2018 da ya tattara bincike sama da 20 bai sami ƙwaƙƙwarar shaida cewa yana rage zafin kai ko ƙyamar wasu ba. Haka nan babu shirun da zai tare 'yan bindiga irin waɗanda suka kwashe ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021. Wannan aikin hukuma ne, kuma ba a yafe mata shi ba.

Ba wanda yake cewa mutumin Shanga ya aro addinin wani. Abin da ake nema yana gida. Manzon Allah (SAW) ya koyar da mai fushi ya yi shiru, ya zauna in yana tsaye, ya yi alwala. Malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya sun san halwa da zikiri da bin diddigin zuciya, Shehu Abdullahi na Gwandu ma ya yi rubutu kan gyaran zuciya. Kiristocin yankin suna da nasu azumi da addu'a. Abin da ke damuna shi ne mun bar wannan horo a masallaci da coci, ba ma kai shi bakin mashaya. Yaro yana haddace hadisin fushi a Islamiyya, amma ba a taɓa zaunar da shi an gwada masa abin da zai yi da ƙirjinsa idan ya tarar da shanu cikin albasar babansa ba.

Masarautar Yawuri, ƙarƙashin Mai Martaba Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tana da hakimai da dagatai da ardo-ardo da sarakunan ruwa da za su iya fara wannan ba tare da jiran kuɗin kowa ba. Kafin shanu su gangaro gaɓa, a kira gayyar share burtali da gyara mashaya, manomi da makiyayi da masunci su yi aikin tare, su ci daga akushi ɗaya. A wannan zama ne za a shata inda za a dasa albasa da inda garke zai bi, a kuma ambaci sunan wanda za a fara kira idan an yi ɓarna.