Haɗarin Zare Filash Daga Kwamfuta Ba Tare da Sallama Ba

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana dalilin da ya sa ake gargaɗin kada a fizge filash daga jikin kwamfuta sai an ba da umarnin fitar da shi, wanda a nan za a kira shi sallama. Al'amarin ya shafi ɗalibi da ma'aikacin gwamnati baki ɗaya. Ɗalibin da ya taso daga Mawashi zuwa Kankiya domin a buga masa kundin bincikensa, da akawun da ya ɗauko jerin sunayen ma'aikata daga Kusada zuwa Katsina, duk sun damƙa amanar aikin watanni ga abin da bai wuce ɗan yatsa ba.

Asalin filash

Wani injiniya ɗan ƙasar Japan mai suna Fujio Masuoka, na kamfanin Toshiba, shi ya ƙago ma'adanar da ke cikin filash. Ya gabatar da ita a 1984, sa'an nan a 1987 ya fito da nau'in da ake amfani da shi yanzu. Kafar USB da ake soka shi ta bayyana a 1996. A shekarar 2000 ne filash ya shiga kasuwa ta hannun kamfanin Trek na Singafo da IBM na Amurka. Na IBM yana ɗaukar megabayit 8 ne kacal, alhali mai gigabayit 32 na yau ya ninka shi kimanin sau dubu huɗu. Falalar filash ita ce yana riƙe abin da aka rubuta masa ko babu wuta. Amma shi kansa rubutun yana bukatar wuta da lokaci, kuma a nan ne haɗarin yake.

Inda ɓarnar take aukuwa

Da farko, kwamfuta ta fi filash sauri ƙwarai. Saboda haka sau da yawa takan tara abin da za ta rubuta a cikin ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, ta riƙa tura shi sannu a hankali. Misalinta kamar masinjan ofis ne wanda aka miƙa wa wasiƙa ya ce an gama, alhali tana cikin jakarsa yana jiran wasu su taru kafin ya nufi gidan waya. Allo yana iya nuna cewa kwafi ya kammala, amma wani sashen fayil bai isa ba tukuna. Idan aka zare filash a wannan hali, sai fayil ya fito guntu, ko ya ƙi buɗuwa.

Na biyu ya fi muni. Kowane filash yana da wani jadawali da ke nuna sunan kowane fayil da wuraren da aka ajiye sassansa, tamkar littafin rajista a ɗakin ajiye fayiloli. Ma'aikaci ya san cewa fayil ɗin da ke cikin kabad amma babu shi a rajista, da shi da ɓatacce duk ɗaya ne. Galibin filash suna zuwa da tsarin FAT32 na 1996 ko exFAT na 2006, kuma waɗannan ba sa ajiye tarihin gyaran da ake cikin yi, saɓanin tsarin NTFS. Don haka in aka katse su ana tsakiyar gyara jadawali, ɓarnar tana iya shafar har fayilolin da aka ajiye tun bara. A nan ne kwamfuta kan ce sai an share filash gaba ɗaya kafin a yi amfani da shi. Ɗaukewar wutar lantarki ga kwamfutar tebur wadda ba ta da batir ma irin wannan lahani take jawowa.

To, aikin sallama shi ne ta umarci masinja ya isar da duk abin da ke jakarsa, a rufe rajista, kuma a tabbatar babu wata manhaja da ke riƙe da fayil a buɗe.

Sauyin da aka samu

Wajibi ne a ambaci cewa tun daga sabuntawar Windows 10 ta ƙarshen 2018, kamfanin Microsoft ya mayar da tsarin cirewa da sauri ya zama shi ne na asali, wato kwamfuta ta daina tara rubutun da za ta tura wa filash. Wannan ya rage haɗarin, amma bai kawar da shi ba. Wanda ya zare filash ana cikin kwafi, ko takarda tana buɗe a Word, har yanzu yana iya yin asara. Haka kuma kwamfutocin Mac da Linux suna tara rubutu. Bugu da ƙari, mai zuwa shagon buga takardu bai san yadda aka saita kwamfutar da ke gabansa ba.

Matakan kiyayewa

Mai amfani da filash ya rufe duk fayil ɗin da ya buɗe daga cikinsa. Daga nan ya nemi alamar filash a ƙasan allo, wajen hannun dama kusa da agogo, ya ba da umarnin fitarwa, ya jira sanarwar cewa babu laifi a cire. Idan filash yana da 'yar fitila, ya bari ta daina ƙyaftawa. Idan kwamfuta ta ƙi sallamarsa, ya kashe ta ta hanyar da ta dace, sa'an nan ya zare.

In kuwa ɓarna ta riga ta auku, kada ya amince da sharewa, kuma kada ya ɗora sabon abu a kai, domin sau da yawa bayanan suna nan, jadawalinsu ne ya rikice, kuma gwani yana iya ceto su.

Kammalawa

Sallama ba ta cin fiye da 'yan daƙiƙoƙi, sake rubuta kundi kuwa yana cin watanni. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Duk da haka, filash abin ɗaukar kaya ne daga wuri zuwa wuri, ba rumbun ajiya ba. Takarda mai muhimmanci ta cancanci kwafi biyu ko uku a wurare dabam dabam, kamar yadda ofis mai tsari ba ya sakin wasiƙa sai ya bar kwafinta a fayil.