Menu na kyamara marar madubi: saiti kaɗan da za su fitar da kai kunya

Ko kana sashen koyon aikin jarida, ko kana ɗaukar hoton dina da bikin yaye ɗalibai don ka samu na abinci da na handawut, zuwa yanzu ka ga kyamarori marasa madubi sun fara ture tsofaffin DSLR a hannun masu hoto. Panasonic ne ya fara fito da irinsu a 2008, Sony ya kawo a7 a 2013, Canon da Nikon suka shigo da EOS R da Z6 a 2018. Mu nan yawanci na hannu muke samu, ko aro, ko haya. Kukan da na fi ji a bakin 'yan ajinmu guda ɗaya ne: menu ya yi yawa. Ka danna maɓalli ka ga shafi bayan shafi, duk da Turanci, har ka rasa ta ina za ka fara.

Shawarata ita ce kada ka ce sai ka haddace menu gaba ɗaya. Mafi yawan abin da ke ciki sau ɗaya ake saita shi a manta. Waɗanda ke lalata wa mutum aiki ba su da yawa, su za ka sani tun kafin ranar taro. Bikin yaye ɗalibai ba a maimaita shi. In hoton da aka miƙa wa mutum takardarsa ya fito dishi-dishi, ba abin da za ka gaya wa iyayensa da suka taso tun daga gida.

In kyamarar ta sashe ce ko ta haya, fara da mayar da saitinta yadda ta fito daga kamfani, don ba ka san abin da na gabanka ya taɓa ba. Sai ka gyara kwanan wata da lokaci. Ka kwashe abin da ke kan katin memori zuwa kwamfuta, sannan ka yi masa fomat a cikin kyamarar kanta. Akwai kuma saitin da ke barin kyamara ta yi ƙarar ɗauka ko babu kati a ciki. Kashe shi. Mutum na iya yin rabin taro yana dannawa alhali babu inda hoton ke sauka.

Daga nan sai nau'in fayil. JPEG hoto ne da kyamara ta riga ta gyara ta matse, nan take za ka tura wa mai shi ta WhatsApp. RAW kuwa ɗanye ne, yana riƙe da duk abin da sensa ta gani, shi ya sa ake iya ceto fuskar da ta yi duhu a kwamfuta. Sai dai yana da nauyi: a kyamara mai megafiksel 24 irin Sony a6400, hoto ɗaya yakan kai kusan megabait 25. Ni in aikin kuɗi ne nakan zaɓi a ajiye min duka biyun.

Abin da ya bambanta wannan kyamara da DSLR shi ne, abin da kake gani a allo ko a ramin leƙawa daga sensa yake zuwa kai tsaye. Wato kana ganin hasken hoton tun kafin ka ɗauka. Akwai saitin da ke kunna wannan, ka tabbata a kunne yake. Sai in za ka yi aiki da filasha a wuri mai duhu ne za ka kashe shi, in ba haka ba allon zai yi baƙi ƙirin ka kasa ganin wanda kake ɗauka.

Wannan yana da amfani sosai a wurinmu saboda kayan da muke sawa. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki ne. In mutum baƙi ya sha farar shadda, kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskarsa ta dushe. In baƙar rigar yaye ɗalibai ce ta cika hoton, sai ta ƙara haske fiye da kima. Maganinsa maɓallin nan mai alamar +/-. Ga farar shadda ka ƙara +0.7 ko +1 kana kallon fuskar, ga baƙar riga ka ɗan rage. Ka kunna zebra, wato ratsin da ke bayyana a allo inda fari ya ƙone, don ka san inda za ka tsaya kafin aikin wuyan rigar ya ɓace.

A kan dayal na sama, bar koren Auto ka koma A, wanda Canon ke rubutawa Av. A nan kai ke zaɓar faɗin buɗewar lens. Ƙaramar lamba irin f/2.8 tana narkar da bayan mutum, ta dace da hoton mutum ɗaya. In 'yan aji ne suka jeru sahu uku, koma f/5.6 ko f/8, don na baya ma su fito. ISO kuma bar shi a otomatik, amma ka sa masa iyaka a menu, misali 6400, don kada hoto ya cika da tsaki-tsaki kamar gero. In kyamararka na da saitin mafi ƙarancin saurin shota, sa 1/125 ga mutanen da ke tsaye, 1/250 ga masu tafiya. Ƙwallo a filin makaranta tana son 1/1000.

Fokas ma saiti biyu ne za su ɗauke maka wahala. Na farko, zaɓi mai bin abu in yana motsi, AF-C a Sony da Nikon da Fujifilm, Servo a Canon. Na biyu, kunna gane fuska da ido. Amma fa a cikin cunkoso kyamara ba ta san wanda ya biya ka ba, tana iya kama idon wani can daban. A irin wannan wuri ka koma ƙaramin ɗigon fokas guda ɗaya, ka ɗora shi da kanka a kan wanda kake so.

Yanzu ga wanda ya fi cin masu bidiyo. Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Fitilu da yawa suna ƙyaftawa daidai da wannan juyi, idonka ba ya gani amma kyamara na gani. Kyamarar da aka shigo da ita daga Amurka a kan NTSC take zuwa, sai ka ga bidiyon zauren taro yana rawa. Mayar da ita PAL, ka ɗauka a firem 25, shota a 1/50 ko 1/100. Ka yi wannan canji kafin ka fara aiki, don wasu samfuran Sony sukan nemi a sake yi wa kati fomat bayansa. In janareta aka tayar, gwada ɗan gajeren bidiyo ka duba tukuna, don ba kowane inji ke riƙe 50 daidai ba. Haka shota marar ƙara: tana da daɗi a wurin lacca, amma ƙarƙashin fitilun LED takan zana wa hoto ratsi-ratsi. Da ka ga haka, koma shota ta asali.

Batir kuma, allon nan ba ya hutawa, don haka yana shan caji fiye da na DSLR. Kunna yanayin jirgin sama don Wi-Fi da Bluetooth su mutu, ka sa kyamara ta riƙa barci bayan minti ɗaya. Lokacin hunturu ka kula da ƙura, domin da ka cire lens sensa a fili take. Kashe kyamara, ka juyar da bakinta ƙasa, ka canza da sauri. Wasu, irin EOS R, suna rufe sensa da labulen shota in an kashe su.

Da ka gama gane waɗannan, tara su wuri guda. Sony da Canon da Nikon duk suna da shafin My Menu inda kake zuba saitin da ka fi taɓawa. Fujifilm na da maɓallin Q, Nikon na da i, Sony na da Fn. Kyamarori da yawa kuma suna ajiye saiti sukutum a kan dayal, C1 a Canon, U1 a Nikon. Ni na farko na ajiye wa rana a waje, na biyu na zauren taro da dare.

Kafin taro na gaba, samu abokin ɗakinka ya sa farar riga ya tsaya a rana, ya koma inuwa, sannan ya shiga ɗaki ƙarƙashin fitila. Canza saiti ɗaya kawai a kowane ɗauka, ka duba abin da ya sauya. Awa ɗaya ta ishe ka, kuma a nan ko hoto ya lalace ba wanda zai biyo ka hostel neman kuɗinsa.