Tsufan Fata: Abin da Allura da Man Shafawa Ke Iya Yi, da Wanda Ba Sa Iyawa

Maganganu biyu ne ke yawo a kan gyaran fata ba tare da tiyata ba. Masu talla a Instagram da TikTok suna rantsuwa cewa mansu zai goge tamoji cikin sati biyu, wasu kuma a gefe suna cewa duk abin guba ne, wadda ta fara ba za ta iya bari ba. Kowane ɓangare ya riƙe guntun gaskiya ya saki sauran. Abubuwan da bincike ya tabbatar suna aiki 'yan kaɗan ne, a hankali suke yi, kuma babu wanda tasirinsa ke dawwama. Wanda ya yi alƙawarin sauri kuwa, shi ne abin tsoro.

A fara da kolajin, tunda sunansa ne a bakin kowa. Gaskiya ne shi ke riƙe fata ta tsaya da ƙwarinta, kuma yana raguwa da shekaru, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Amma wanda ake zubawa a man shafawa ƙwayoyinsa sun yi girman da ba za su ratsa fata ba, iyakarsa ya sa ta laushi, aikin da man kaɗanya ke yi da hunturu a kan kuɗi kaɗan. Kolajin na sha kuma, ciki ne ke narkar da shi kamar kowane nama, sannan da yawa daga binciken da ke yabonsa kamfanonin da ke sayar da shi ne suka ɗauki nauyinsu.

Ana kuma cewa baƙar fata ba ta buƙatar kariya daga rana. Rabin gaskiya ne. Sinadarin da ke ba mu launi yana tare wani ɓangare na zafin hasken, shi ya sa tamoji ke jinkirin fito mana. Sai dai tsufan baƙar fata da launi yake fara nuna kansa: duhu a kumatu da goshi, da tabon ƙuraje da ke ƙin gogewa, kuma rana ce ke ƙara musu baƙi. A garin Nambour na Ostareliya an bi mutum 903 tsawon shekara huɗu da rabi, sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna masu shafa man kariya kullum tsufan fatarsu ya gaza na sauran da kashi 24 cikin ɗari. Wani zai ce ai Turawa aka gwada, kuma maganarsa tana kan hanya, ba za a ɗora adadin a kanmu kai tsaye ba. Amma yadda rana ke lalata kolajin da ƙara duhun tabo ɗaya ne a kowace fata, bambancin na yawa ne kawai. Bayan kariya sai man tretinoin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ƙananan tamoji a 1995. Yana aiki, amma sai an yi watanni, da farko yakan sa saɓa da raɗaɗi, kuma ba a ba mai ciki.

Ƙaryar da ta fi cutar da mutanenmu ita ce bilicin yana maido da ƙuruciya. A nan ne ya kamata a tsaya a duba, domin yana yaudara da gaske: satin farko fuska takan yi haske, duhun ya dushe, kowa ya yaba. Abin da ke cikin haɗin da ake ƙullawa a robar da ba suna galibi hydroquinone ne, da maganin kumburi mai ƙarfi irin clobetasol, wani lokaci har da makuri. Clobetasol sirantar da fata yake yi, wato ainihin abin da tsufa ke yi, sai dai shi cikin gaggawa. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: korayen jijiyoyi a bayyane a damtse da cinya, nankarwa mai faɗi, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin a hannu fari, rauni ya daɗe bai warke ba. Hydroquinone kuma, wanda likitan fata kan rubuta na 'yan watanni don tabo, idan aka shekara ana shafawa yakan bar duhu mai shuɗi-shuɗi a kumatu mai wuyar magani. Makuri ƙoda yake taɓawa. Ba banza ba hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Allurai su ne aka fi yi wa ƙazafi. Haƙiƙa Botox daga gubar wata ƙwayar cuta ake samar da shi, amma ɗan mitsitsin da ake sawa tsokar da ke tattare goshi kawai yake sassautawa. An amince da shi don layin tsakanin gira a Amurka tun 2002, bayan shekaru ana maganin karkacewar ido da shi. Cikin wata uku zuwa huɗu aikinsa ke ƙarewa, fuska ta koma yadda take, ba ta fi da lalacewa ba. Allurar cike kumatu aikinta daban: tana maye gurbin kitsen fuska da ya zube, takan kai wata shida zuwa shekara da ɗoriya, kuma irin ta hyaluronic acid akwai maganin narkar da ita. Haɗarin yana hannun mai allurar da kuma abin da ke cikin kwalbar. Idan ruwan allurar cike kumatu ya shiga jijiyar jini yana iya kashe fatar wurin, har ya makantar, kuma a 2024 an kwantar da mutane a asibiti a Amurka saboda jabun Botox da aka yi musu a gidaje da shagunan kwalliya. Haka na'urar leza da ruwan saɓule fata: a baƙar fata suna saurin ƙonawa su bar tabon da ya fi wanda aka je cirewa, don haka sai a hannun likitan da ya saba da irin fatarmu, wanda zai fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri ya jira ya ga yadda ta karɓa.