Madubin Leƙen Huhu da Numfashin Majinyaci

Cikin waɗanda akan garzaya da su Asibitin Murtala, kusa da Ƙofar Mata a birnin Kano, akwai masu rauni a ka sakamakon haɗarin mota. Irin wannan majinyaci, idan ya daɗe a sume, na'ura ce take yi masa numfashi ta robar da aka zura masa ta baki. Da yake robar tana lahanta maƙogwaro in ta jima, likitoci sukan huda wuyansa ta gaba su buɗe wa iska gajeriyar hanya.

A shekarar 1985 wani likitan Amurka, Pasquale Ciaglia, ya bayyana dabarar yin wannan huda a kan gadon majinyaci, ba sai an kai shi ɗakin tiyata ba: a soka allura, a bi ta da waya, a faɗaɗa ƙofar sannu a hankali. Sai dai hanyar abinci tana manne da bayan bututun iska, allura kuwa ba ta da ido. Saboda haka akan zura madubin leƙen huhu, siririyar igiya mai haske wadda Shigeto Ikeda na Japan ya ƙirƙiro a 1966, domin a ga inda allurar ta faɗa.

To, ta ina madubin zai shiga? Ta cikin robar nan da majinyaci yake numfashi. Ɗalibin da ya san lissafin da'ira yana iya auna ɓarnar da kansa. Idan faɗin robar milimita 8 ne, na madubin kuma 6, madubin ya cinye kashi 56 cikin ɗari na hanyar.

Iskar da take shiga huhu sai ta ragu, gurɓatacciyar iskar kabon ta taru a jini. Haɗarin a ɓoye yake, domin ma'aunin da aka maƙala a yatsa oksijin kaɗai yake aunawa, yana iya nuna lafiya lau alhali kabon yana hauhawa. Shi kuwa kabon buɗe jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa yake yi. Ƙoƙon kan baligi ba ya miƙewa, saboda haka matsi yakan ƙaru a kan ƙwaƙwalwar da ta riga ta kumbura.

Wannan bai isa dalilin jingine madubin ba, musamman ga mai koyon aikin. Ƙwararru dai sukan zaɓi mafi siririn madubi, su riƙa zare shi lokaci-lokaci huhu ya sarara, ana kuma auna kabon. Wasu sukan fara duba wuyan da na'urar sikanin, wadda take ganin bututun iska da jijiyoyin jini daga waje.