Shin Ko Kun San Aljebra Da Zance Ta Fara?

Shin ko kun san littafin da aljebra ta samo sunanta babu x ko ɗaya a cikinsa? Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ya rubuta shi a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma komai da kalmomi ya faɗe shi. Adadin da ake nema ya kira shi "shai'un", wato abu. Idan aka ninka abin da kansa, sai ya ce "mal", dukiya. Daga "al-jabr" da ke cikin sunan littafin, kalmar da Larabawa ke amfani da ita wajen ɗorin karaya, aka sami aljebra.

Alamomin daga baya suka zo. Robert Recorde, mutumin Wales, ya ƙirƙiro alamar daidai (=) a 1557 don ya gaji da maimaita kalmomi. René Descartes na Faransa ya yaɗa x, y da z a 1637.

Ko kun san babban kaso na littafin al-Khwarizmi a kan gado da wasiyya yake? Ga misali irin namu. Mutum ya rasu, magadansa 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya kacal, bayan biyan bashi naira 500,000 ta rage. Kira rabon macen x. Namiji na da ninki biyu, wato 2x. Sai ka rubuta 2x + 2x + x = 500,000. Mace ta tashi da 100,000, kowane namiji 200,000. Malaman gado sun daɗe suna wannan lissafi a zaure, ba su dai ce x ba.

Harshenmu ma ya yi mana rabin aikin. Wanda ya saba cewa "ashirin ba biyu" yana nufin 18 ya riga ya san x ba biyu shi ne x − 2. Tarkon yana cikin "cire biyu daga x": biyu aka fara ambata, sai hannu ya zarce ya rubuta 2 − x.

Ga wani tarkon da ke kayar da manya. An ce awakin garke sun ninka tumaki sau shida, sai a yi wuf a rubuta 6a = t (a awaki, t tumaki). Gwada da tumaki 10: awaki 60 ke nan, don haka a = 6t ne daidai. Ɗalibai, kafin ku miƙa takarda, ku jefa ƙaramar lamba cikin abin da kuka rubuta ku ga ko ya zauna.