Wa Ya Doke Shi a Agara?

Ana cikin ƙwallon yammacin Asabar, irin wadda magidanta ke bugawa don rage tumbi, sai wani mai shekara 43 ya zabura zai tare ƙwallo. Nan take ya ji kamar an sheme shi da gora a bayan ƙafa, sama da dunduniya kaɗan. Har ƙara aka ji, tas! Ya faɗi, ya waiwaya a fusace yana neman wanda ya yi masa wannan keta. Babu kowa a bayansa. Aka duba ƙasa ko dutse aka jefo, ba a ga komai ba.

Kafin magariba fassara ta yi yawa. Wani ya ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori ya ja ƙafar. Wani ya sassauta murya ya ce duka babu mai duka, ai sai jifa. Abin da ya ƙara rikita kowa shi ne mutumin ya miƙe ya taka, yana ɗingishi dai, kuma zafin ya lafa kafin gari ya waye. Da ya je aka ɗauki hoton ƙashi, babu karaya, babu tsagewa, babu gocewa.

Likitan da ya gan shi daga baya bai tsaya a kan hoton ba, domin wannan hoto ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya sosai. Ya fara da tambaya: "Malam, ƙafar ta gurɗe ne kafin ka faɗi?" Ya ce a'a, Likita, zabura kawai na yi. Wannan amsa ta raunana zancen targaɗe, don shi targaɗe yakan zo ne idan ƙafa ta lanƙwashe, kuma ciwonsa ya fi zama a gefen idon sawu na waje. Nan kuwa ciwon a baya yake.

Sai likita ya ce ya tsaya da ƙafar mai ciwon ita kaɗai ya ɗaga dunduniya. Ya kasa. Likita ya bi agarar da yatsa daga dunduniya zuwa sama, ya ji wani ɗan rami inda ya kamata a ji jijiya a miƙe da tauri. Daga nan ya sa shi ya kwanta rub da ciki, ƙafafu na reto a bakin gado, ya matse sha-raɓar lafiyayyar ƙafa: tafin ya motsa da kansa, yatsu suka yi ƙasa. Ya matse ta mai ciwon, ko gezau. Wannan gwaji, wanda likita Simmonds ya bayyana a 1957, ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki, shi ya sa abin ke ba ni takaici idan aka sallami mutum da man zafi ba a yi masa shi ba.

Agarar ce ta tsinke. Ita ce jijiya mafi kauri da ƙarfi a jikin ɗan Adam, ita ke haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin dunduniya. Idan ta tsinke farat ɗaya, mutum kan ji tamkar an doke shi daga baya. Haka ta faru da David Beckham a watan Maris na 2010 yana buga wa AC Milan, babu wanda ya taɓa shi, kuma ta hana shi buga gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. Takawar da ta ruɗi jama'a kuwa, wasu ƙananan jijiyoyi ne da ke bi ta bayan idon sawu suke ɗan motsa tafin, sai a zaci agara na nan lafiya.

Saura tambaya guda: me zai tsinka jijiya mafi ƙarfi ba tare da duka ba? Wurin da ta fi tsinkewa, santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya, jini bai cika isa can ba, don haka tana lalacewa a hankali kamar igiyar guga da ke sassaƙewa a bakin rijiya. Maza 'yan shekara 30 zuwa 50 suka fi fuskantar wannan, musamman mai zaman ofis ko shago duk mako, ranar hutu ya faɗa fili babu ɗumama jiki.

Likita bai gamsu da wannan kaɗai ba. "Wane magani ka sha kwanan nan?" Mutumin ya ce na taifod ne ya saya a kemis, ya ciro kwalin: ciprofloxacin. Wannan magani da danginsa an san suna raunana jijiya, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta sanya babban gargaɗi a kansu a 2008. Haɗarin na ƙaruwa ga wanda ya haura 60, ko mai haɗa shi da irin su prednisolone da dexamethasone, kuma yana iya biyo baya watanni bayan an daina sha. Magani ne mai amfani idan likita ya rubuta, amma ba abin saya ba ne duk ranar da jiki ya yi zafi.

Da an kai shi an ja ƙafar an murza, da bakunan jijiyar biyu sun ƙara nisa da juna. Aka ɗaure ƙafar da filasta, yatsu na kallon ƙasa don bakunan su haɗu, aka tura shi wurin likitan ƙashi. Wasu ana ɗinke musu, wasu takalmi na musamman mai tudun dunduniya ya ishe su na kimanin mako 8 zuwa 10, sannan gashi da motsa jiki na watanni. Wanda ya bari ta wuce mako 4 zuwa 6 kuwa, tsokar takan janye sama, aikin ya koma babba, wani lokaci sai an aro wata jijiya an cike gurbin.