Wasan Golf: Sanda, Nisa da Rata

Jama'a, duk wanda ya shiga Kano ko Kaduna ko Jos, wataƙila ya taɓa ganin wani makeken fili mai ciyawa da itatuwa. Ba a noma a cikinsa, ba a kiwo. Sai ka hangi mutum biyu ko huɗu suna tafe, samari na biye da su ɗauke da dogayen jakunkuna. Can sai ɗaya ya tsaya, ya zaro sanda, ya bugi wata 'yar farar ƙwallo. To, wannan shi ne wasan golf.

Ni ba gwani ba ne, kuma ba da wasan nake ci ba. Ina yin sa ne don motsa jiki, tun da na bar aiki. Amma wasu samarin karkara suna zuwa birni neman kuɗi ta hanyar ɗaukar wa 'yan wasa jaka. Iyayensu kan tambaye ni, "Wai me ake yi a filin nan?" Shi ya sa zan yi bayani a kan abu uku: sanduna, da nisan bugu, da abin da ake kira rata.

Yadda wasan yake

Wasan ya yi ƙarfi ne a ƙasar Sikotilan da ke Birtaniya. Ya daɗe ƙwarai. A shekarar 1457 sarkin ƙasar ya hana shi, domin ya ɗauke hankalin maza daga koyon harbi da baka. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi ƙasar nan. Filin Rayfield da ke Jos yana cikin tsofaffin filayen Nijeriya. Akwai wasu a Kano, da Kaduna, da Zariya, da Abuja, da Legas.

Cikakken fili yana da ramuka 18. Faɗin bakin kowane rami bai kai santimita 11 ba, wato kamar faɗin tafin hannu. Ƙwallon kuwa ba ta kai ƙwan kaza ba. Aikin ɗan wasa shi ne ya yi ta bugun ta har ta faɗa rami, sa'an nan ya wuce rami na gaba. Ana ƙidaya kowane bugu. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A nan yawa ba riba ba ne.

Kowane rami yana da bugun ƙa'ida, wato yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi. Gajeren rami bugu 3 ne, matsakaici 4, dogo 5. In an haɗa na ramuka 18, yawanci yakan kama 72. A riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Sanduna

Manomi ba ya sassabe da lauje, ba ya girbi da garma. Kowane aiki da makaminsa. Haka sandunan golf suke. Kashi huɗu ne.

Na farko, masu ƙaton kai. A da da katako ake yin kansu, yanzu da ƙarfe mara nauyi. Babbarsu ita ake kira direba, amma ba direban mota ba. Ita ce mafi tsawo, ita ce kuma mai kai ƙwallo nesa.

Na biyu, ƙarafa masu lamba, yawanci daga 3 ko 4 zuwa 9. Ƙaramar lamba tana kai ƙwallo nesa. Babbar lamba tana ɗaga ta sama, ta sauke ta kusa.

Na uku, weji. Fuskarta a kwance take kamar bakin shebur. Da ita ake fid da ƙwallo daga yashi ko doguwar ciyawa.

Na huɗu, fota. Ba ta ɗaga ƙwallo. Gangara ta take yi a ƙasa zuwa cikin rami.

Sirrin bambancinsu abu biyu ne: tsawon ƙota da kwanciyar fuska. Doguwar ƙota mai fuska a tsaye tana harba ƙwallo gaba. Gajerar ƙota mai fuska a kwance tana cilla ta sama.

Doka ta ce kada ɗan wasa ya riƙe fiye da sanduna 14. Wannan doka ba wasa ba ce. A shekarar 2001, a babbar gasar Birtaniya, wani gwani mai suna Ian Woosnam yana cikin waɗanda ke kan gaba a ranar ƙarshe. Bayan rami na farko sai aka ga sanduna 15 a jakarsa. Ba a ƙidaya su ba kafin a fara. Aka ƙara masa bugu 2 na tara, kuma bai ci kofin ba. Saurayi mai ɗaukar jaka, ka ji: ƙidaya sanduna kafin a tashi.

Ra'ayina a nan shi ne, mai koyo ba ya bukatar 14. Sanda 6 ko 7 na gwanjo sun ishe shi. Na ga masu kashe dukiya a kan sababbin sanduna, bugunsu bai canza ba. Fartanya mai tsada ba ta mai da rago manomi. Seve Ballesteros, ɗan ƙasar Sifen, da ɗaukar jaka ya fara. Yana yaro ya koyi bugu iri-iri da tsohuwar sanda guda, ƙarfe mai lamba 3, a rairayin bakin teku. A 1979 ya ci babbar gasar Birtaniya yana da shekara 22.

In kuwa an tambaye ni wadda ta fi muhimmanci, fota zan ce. A cikin bugu 72 na ƙa'ida, an ware 2 a kowane rami don gangarawa. Ka ga 36 ke nan, rabin wasan. Amma sai ka ga mai koyo ya wuni yana gwada ƙarfi da direba, ya manta da 'yar sandar da za ta ci masa wasa.

Nisan bugu

Da yadi aka fi auna nisa a wannan wasa, irin yadin da tela ke aunawa. Tsawon filin ƙwallon ƙafa ya ɗan haura yadi 100. Manyan gwanayen duniya sukan kai ƙwallo wajen yadi 300 da direba. Irinmu kuwa, in mun sami 200 sai mu gode. Ga nawa, kamar yadda na auna:

Direba: yadi 200
Ƙarfe mai lamba 5: yadi 160
Ƙarfe mai lamba 7: yadi 140
Ƙarfe mai lamba 9: yadi 120
Weji: yadi 90 ko ƙasa da haka

Ka lura, tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai kimanin yadi 10. Wannan nawa ne. Na wani zai fi haka, na wani ba zai kai ba.

Nisa kuma yana canzawa da yanayi. Da rani ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙwallo takan yi ta gudu bayan ta sauka. Da damina ciyawa da laima sukan riƙe ta. Iska in tana bayanka ta taimake ka, in tana gabanka ta rage maka. A tudu kamar Jos iska ba ta da kauri, don haka ƙwallo takan ɗan ƙara nisa. A wasu filayen Arewa da ruwa ke wuya, an daɗe ana shimfiɗa yashi da aka cuɗa da mai a kewayen rami maimakon ciyawa. Gudun ƙwallo a kansa daban yake.

Babban kuskuren irinmu shi ne, mukan tuna bugunmu mafi kyau, mu ɗauka kullum haka muke. Ni ma na yi. Wata rana da damina akwai kududdufi a gabana, ƙetare shi sai an yi yadi 150. Yaron da ke riƙe mini jaka ya miƙo lamba 5. Na ce a'a, ba ni 7. Dalilina, na taɓa yin 155 da ita da rani. Ya ce, "Baba, yau ba za ta kai ba." Girman kai ya hana ni ji. Na buga, ƙwallo ta faɗa ruwa. Na sake, ta sake faɗawa. Kowace faɗuwa da tarar bugu 1. Sai a karo na uku na karɓi lamba 5, ta ƙetare lafiya lau. Yaron bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Tun ran nan na sayi ɗan littafi. Nakan buga ƙwallo 10 da sanda guda, in auna da taku, in rubuta na tsakiya, ba mafi nisa ba. Wannan littafi ya rage mini bugu fiye da kowace sabuwar sanda.

Rata

Mu a tsere, in babba zai yi gudu da yaro, yakan ce, "Je ka, na ba ka rata." A dambe kuwa sai an nemi sa'a da sa'a. Golf ya ɗauki hanyar farko. Kowane mai wasan sha'awa yana da lambarsa ta rata, wadda 'yan wasa ke kira handikaf. Ita ce ke nuna yawan bugun da za a yafe masa.

Ka tuna bugun ƙa'ida 72 ne. Wanda yakan gama da 90 a ranar da hannunsa ya yi kyau, ratarsa wajen 18 ce, domin 90 a ɗebe 72 saura 18. Gwani sosai ratarsa 0 ce. Ƙaramar lamba ita ce alamar ƙwarewa.

Ga misali. Gwani mai rata 4 ya yi wasa da tsoho mai rata 24.

Gwani ya yi bugu 78. A ɗebe 4, saura 74.
Tsoho ya yi bugu 97. A ɗebe 24, saura 73.

Tsoho ya ci da bugu 1. Ba don ya fi gwani iyawa ba. Ya ci ne don ran nan ya fi kusa da iyakar ƙoƙarinsa. Saboda wannan tsari uba da ɗa za su iya karawa, haka mace da namiji, haka mai shekara 70 da mai 20.

Ba da baki ake yanka rata ba. Tun shekarar 2020 aka fara amfani da tsari guda a duniya. Ana duba wasanni 20 na baya-bayan nan da mutum ya yi. A zaɓi 8 mafiya kyau, a fid da matsakaicinsu, a kuma yi la'akari da wuyar filin. Rata mafi girma ita ce 54. In hannun mutum ya gyaru, lambarsa ta sauka. In ya lalace, ta hau.

A nan ne ake gane mai gaskiya. A yawancin wasanni babu alƙali da ke bin mutum. Kai ne za ka faɗi bugun da ka yi. Masu ha'inci iri biyu ne. Wani yakan ɓoye wasanninsa masu kyau don ratarsa ta yi yawa, ya ci kyauta ranar gasa. Wannan kamar mai algus ne a mudu. Wani kuma yakan ɓoye munanan don a ce shi gwani ne. Shi kansa yake cuta, domin ranar gasa ba za a yafe masa abin da yake bukata ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abokan wasa sukan gane, daga nan kuma sai a rasa mai fita da shi.

Kati da sa hannu

A gasa, abokin wasanka ne ke rubuta bugunka a kati. In an gama sai ka duba, ka sa hannu. Abin da ka sa wa hannu ya hau kanka.

A shekarar 1968, a gasar Masters ta Amurka, Roberto De Vicenzo na ƙasar Ajantina ya yi bugu 3 a rami na 17. Mai rubuta masa ya yi kuskure ya sa 4. Shi kuma ya sa hannu bai lura ba. Dubban mutane sun ga 3 ya yi, amma doka ta ce 4 ɗin da ya sa wa hannu ita za ta zauna. Da ba don haka ba, da ya yi kunnen doki da Bob Goalby, a sake karawa. Sai Goalby ya ɗauki kofi. Wannan darasi bai tsaya a golf ba. Ko takardar rancen taki ce, ko ta cinikin gona, a karanta kafin a sa hannu.

Shawara

Gaskiya ne wasan nan yana cin kuɗi. Kuɗin shiga kulob da na kaya ba na kowa ba ne. Amma saurayin da ke ɗaukar jaka yana da hanyar cin gaba. Wanda ya san sanduna da lambobinsu, ya san nisan kowane rami, ya iya cika kati daidai, shi 'yan wasa ke nema. In ƙwallo ta ɓace a ciyawa, minti 3 kawai doka ta bayar a neme ta, don haka idonsa ya bi ta har ta tsaya. Kada kuma ya tura ta da ƙafa zuwa wuri mai kyau don ya faranta wa maigida. Wannan ba taimako ba ne.

Ga ɗan wasa kuwa, maganata guda ce. Ɗauki sandar da za ta kai ka, ba wadda za a yaba maka ba. San nisanka na kullum. Faɗi bugunka yadda ka yi shi, ko da ba wanda ya gani. Ratata yau 22 ce. Na so a ce 15 ce, amma 22 littafina ya nuna, ita kuma nake rubutawa.